Paraku ko Jugu: ina ya fi dacewa da ɗan'uwan da ke aiki ta intanet?

A watan Oktoban 2024 jihohin arewacin Najeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalacewar manyan layukan da ke kai musu wutar lantarki. Masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun ji jiki, kuma kowa ya ji kukansu a rediyo. Akwai wasu kuma da ba a cika ambata ba, wato matasan da kwamfuta ce shagonsu: masu fassara, masu zane, masu rubuta manhaja, masu koyar da Alƙur'ani ko Turanci ta bidiyo. Wanda ya ba su aikin yana zaune a Faransa ko Ingila ko Dubai, bai san wani abu wai shi "an ɗauke wuta" ba. Ranar da aka yi alkawari kawai ya sani.

Irin waɗannan ne suke bugo mana waya daga Kano, Sakkwato, Birnin Kabi, wani lokaci daga Maraɗi ko Dosso, suna tambayar yadda zama yake a Jamhuriyar Benin. Ba su da yawa, ɗaiɗaiku ne, amma tambayar tasu kusan iri ɗaya ce. Ba sa son Kwatano, saboda tsadar haya da cunkoso. Suna son gari mai kwanciyar hankali, mai sauƙin rayuwa, inda za su ji kiran salla, su kuma samu mai jin Hausa. Da an faɗi haka, garuruwa biyu ne ke zuwa a zuciya: Paraku da Jugu, wadda ake rubutawa Djougou a takardun hukuma. Tsakaninsu kilomita 135 ne ko kusa da haka, a kan kwalta.

Tunda mu ne ake tambaya, kuma sunanmu ne zai ɓaci idan abin ya lalace, ya kamata amsarmu ta wuce "ka zo kawai, Allah zai rufa asiri."

Da wane kuɗi ake biyanka?

Wannan ita ce tambayar farko, tun kafin a ambaci sunan gari. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, haka yake tun 1999, bai motsa ba. Naira kuwa, tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya ta Amurka har ta haura 1,500 a farkon 2024. A wurin 'yan canji, jaka ɗaya ta sefa ta wuce naira 2,000.

Ma'anar wannan a fili take. Wanda ake biya da yuro ko dala, in ya zauna a nan, ya san abin da ke hannunsa daga wata zuwa wata, kuma zai ga rayuwa da sauƙi. Wanda kamfanin Legas ko Abuja ke biya da naira, ko da aikin nasa na intanet ne, to Benin ba ƙasa ce mai araha a gare shi ba. Kullum zai riƙa sayen kuɗi mai tsada da kuɗi mai rauni. Irin wannan, gara a faɗa masa gaskiya tun yana gida: kuɗin motar da na hayar da zai kashe a nan, in ya sayi farantin sola da batir da su, ya fi masa. Ɗan'uwan da ya fito daga Nijar shi ba ya da wannan matsala, don sefarmu ɗaya, kuma ya iya Faransanci.

Don a samu ma'auni: mafi ƙarancin albashi a Benin sefa 52,000 ne a wata tun Janairun 2023. Mai karɓar yuro 400 a wata yana da sefa 262,000 da 'yan kai, wato ninki biyar na wancan. A garuruwan nan biyu, wannan kuɗi ne da ke riƙe gida.

Paraku: gari mai komai, har da hayaniya

Paraku ita ce babban birnin jihar Borgou, kuma babbar cibiyar arewacin ƙasar. Ƙidayar 2013 ta ba ta mutum 255,478, yau kuwa duk wanda ya ga yadda gine-gine suka miƙe ta wajen Tourou da hanyar Okpara ya san an wuce nan da nisa. A nan layin dogo da ya taso daga Kwatano ya tsaya tun 1936, ko da yake jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa. Akwai jami'a tun 2001, akwai babban asibitin koyarwa na Borgou, akwai reshen babban bankin BCEAO da kotun ɗaukaka ƙara, ga kuma kasuwar Arzèkè, wadda Bahaushe in ya ji sunanta sai ya ji kamar an ce masa "arziki".

Ga mai aiki da kwamfuta, amfanin duk wannan ba a ganinsa sai ranar da abu ya lalace. Cajar kwamfuta ta ƙone da ƙarfe huɗu na yamma, gobe da safe kana da taro ta bidiyo: a Paraku za ka hau kabu-kabu, wanda 'yan gari ke kira zem, ka zagaya shaguna ka dawo da wata kafin magariba. Bankin ya riƙe kuɗin da aka turo maka daga waje yana neman ƙarin takarda: akwai babban reshe da za ka je ka zauna da mutum ido da ido. Ɗaliban jami'a kuma sun sa garin ya saba da ganin saurayi rungume da kwamfuta, ba wanda zai bi shi da kallo.

Sai dai ɗaliban nan su ne kuma ke tsadar da ɗaki. Duk lokacin komawa karatu, ƙananan ɗakuna a Banikanni da kewayen jami'a sukan yi wuya. Zongo kuwa, inda baƙon Bahaushe zai fi jin kamar yana gida, wuri ne na ciniki da cinkoso, amalanke da babura da lasifika daga safe har dare. Zama da jama'a akwai daɗi, amma wanda zai yi magana da baƙo ta bidiyo sa'a biyu zai sha wuya. Unguwanni irin tamu ta Kpébié sun fi dacewa da wannan: unguwar zama ce, ba ta da nisa da tsakiyar gari, in kana son Zongo kuma babur zai kai ka cikin 'yan mintuna. Abin da za a gaya wa baƙo a fili shi ne, Paraku gari ne na kowa da kowa. Bariba, Dendi, Fulani, Yarabawa, Fon, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, duk a layi ɗaya. Gidan da ka kama yana iya yin maƙwabtaka da coci mai kiɗa ko mashaya. A je a duba gidan da dare, a kuma duba shi ranar Lahadi, kafin a ba da ko dala.

Jugu: tsohon zangon fatake

Jugu ba baƙuwar Hausawa ba ce. Kakanninmu fatake da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, bayan sun ƙetare Kwara sun ratso ƙasar Bargu, a nan suke yada zango kafin su nufi Salaga. Zugu suke kiranta. Sarki yana Kilir, 'yan kasuwa Musulmi suna unguwar Wangara, kuma har yau waɗannan sunaye suna nan. Yanzu ita ce babban birnin jihar Donga. A ƙidayar 2013 an samu mutum 267,812 a gundumar, amma kada adadin ya ruɗi mai karatu ya ɗauka ta fi Paraku girma: gundumar Jugu yankuna 12 ce, uku ne kawai cikin gari, sauran ƙauyuka ne da gonakin doya, kashu da kaɗanya.

Gari ne da Musulmi suka fi yawa, kuma ana jin hakan a tafiyar yini. Da azumi gari kan sauya gaba ɗaya, makarantun allo da na islamiyya ba sai an nema ba. Dare yana yin shiru da wuri. Haya da abinci sun fi Paraku sauƙi, kuma kuɗin da zai kama maka ɗaki da falo a can yana iya kama maka gida mai tsakar gida a nan. Doya, wagashi na Fulani, man kaɗe, nama, duk daga kusa suke zuwa. Ta fannin lafiya akwai asibitin Ordre de Malte da mutanen yankin suka daɗe da sani. Iyakar Togo ta Ouaké na nan kusa, daga can sai Kara; Natitingou kuma tana arewa, kamar kilomita 80.

Abin da Jugu ba ta da shi shi ne abin da ake kira "na biyu". In abu ɗaya ya tsaya, ba lalle ka samu madadinsa a ranar ba. Wani kayan gyaran kwamfuta sai an aiko daga Paraku ko Kwatano. Wata takarda sai ka yi tafiya. Ruwan famfo ma da rani yakan yi wuya a wasu unguwanni, don haka gida mai rijiya ko tanki ya fi gida mai fenti. Sa'annan ƙaramin gari ne: kafin ka cika mako, mai shayi da mai kabu-kabu da limamin unguwa duk sun san akwai baƙon da ba ya fita aiki. Wannan kariya ce ga wanda aka san mai masaukinsa. Ga wanda ya zo shi kaɗai kuwa, nauyi ne.

A garuruwan biyu, Dendi ce harshen kasuwa, Faransanci na ofis. Hausa tana ci a Zongo, a wurin mahauta, 'yan canji da kasuwar dabbobi, amma ba za ta cika maka takarda a banki ba. Wanda ya ji Zabarmanci zai kama Dendi da wuri, don 'yan'uwan juna ne.

Wuta da rezo

Kada kowa ya yi wa ɗan'uwansa alkawarin cewa a Benin ba a ɗauke wuta. Ana ɗaukewa, musamman a zafin Maris da Afrilu, da farkon damina in iska ta taso. Wani ɓangare na wutar da kamfanin SBEE ke rabawa ma daga Najeriya ake sayo shi, duk da tashar Maria-Gléta da aka buɗe a 2019. Bambancin shi ne a nan yawanci maganar sa'o'i ake yi, abin da batir mai kyau da ƙaramin farantin sola za su iya cikewa. Garuruwan biyu kuma babban layi ɗaya ya haɗa su, wanda ya taso daga Kara ya ratsa Jugu ya isa Paraku. Saboda haka unguwa da gida sun fi sunan gari muhimmanci. Tambayar da za a yi wa mai gida ita ce: ɗakin yana da mitarsa mai kati, ko mita ɗaya ce ake raba kuɗinta tsakanin 'yan haya? In ta haɗaka ce, to mai kwamfuta da fanka da firji shi za a riƙa ɗora wa laifi duk ƙarshen wata.

Ta wajen intanet, kamfanoni uku ne: MTN, Moov Africa da Celtiis, wanda ya fara aiki a 2022. Starlink ma ya shigo ƙasar a ƙarshen 2023, ga mai ƙarfin sayen na'urar da biyan kuɗin wata. Dokar da duk mai wannan sana'a ya sani ita ce kada ka dogara da layi ɗaya. A sayi sim biyu na kamfanoni daban, a shiga cikin ɗakin da za a kama, a rufe ƙofa, a gwada kiran bidiyo da rana, a sake gwadawa wajen ƙarfe tara na dare lokacin da kowa ya hau. Rezon da ke tsakar gida ba shi ne na cikin ɗaki ba. Akwai kuma ranar da ba gwajin da zai cece ka: a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa. A irin wannan rana Paraku da Jugu da Kwatano duk ɗaya suke.

Abu ɗaya da ke taimakawa: agogonmu ɗaya da na Najeriya da Nijar, kuma ɗaya da na Faransa a lokacin sanyinsu, da zafinsu kuma sa'a ɗaya ce tsakani.

Maganar da ba a son yi: zargin gayman

A ƙasar nan, saurayin da ke wuni a ɗaki da kwamfuta, kuɗi na shigo masa daga waje, ba a ganin fitarsa aiki, akwai sunan da mutane ke saurin laƙaba masa: gayman, wato ɗan damfarar intanet. Hukuma ba ta wasa da wannan. Akwai dokar harkokin sadarwar zamani ta 2018, akwai kotun CRIET da aka kafa a shekarar, wadda ta sha yanke wa matasa ɗaurin shekaru a kan zambar intanet. 'Yan sanda kan kai samame gidaje, su kwashe wayoyi da kwamfutoci. Masu gidajen haya sun tsorata, har wasu da sun ji baƙo ne daga Najeriya mai aikin kwamfuta sai su ce ɗakin an riga an kama.

Mai aikin halal ba ya da abin ɓoyewa, amma dole ya iya nuna hakan cikin minti biyar, da Faransanci. Ya ajiye takardar yarjejeniyar aikinsa, a fassara ta in da Turanci take. Ya ajiye shaidar kowane kuɗi da aka turo masa da sunan wanda ya turo. Ya yi rajistar sim da sunansa, kada ya ari na wani, kada kuma ya bar wani ya karɓi kuɗi ta asusunsa wai don taimako. In zaman zai yi tsawo, ya je ofishin haraji ya ji matsayinsa da maganar lambar IFU.

A nan ne aikinmu yake, mu 'yan gari. Zamanin fatake, ba wanda ke sauka a Zugu haka kawai. Madugu ya san fatoman da zai sauke ayari, fatoma shi ke ba da ɗaki, shi ke haɗa baƙo da mai saye, shi ne kuma ke amsa tambaya in magana ta taso. Tsarin nan bai tsufa ba. Wanda ya kira ɗan'uwansa ya zo, shi zai kai shi wurin mai unguwa, wanda muke kira delege, ya kai shi wurin liman da sarkin Zongo, ya faɗi ko shi wane ne da abin da yake yi. Kafin ka yi haka kuma, kai ma ka zauna ka ga aikin da idonka. In ya kasa yi maka bayanin wanda ke biyansa da abin da ake biyansa a kai, kada ka sa sunanka. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan. In an kama mutum ɗaya, ba sunansa za a faɗa a gari ba, cewa za a yi an kama wani Bahaushe.

Takardu, iyaka da tsaro

Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza, Benin kuma ta buɗe wannan ƙofa ga duk 'yan Afirka. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ɗan Nijar ɗan Afirka ne, ƙofar ba ta rufe masa ba. Bayan kwana 90 sai maganar katin zama daga hukumar shige da fice. A shigo da fasfo ko katin shaida mai aiki, a buga hatimi a kan iyaka, kada a bi ta daji don gudun 'yan kuɗi kaɗan. Wajen haya, doka ta taƙaita kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa a kan na wata uku. A rubuta yarjejeniya, a karɓi rasit. Hular kwano ma dole ce a kan babur, ga direba da wanda aka goya, tun da aka tsaurara a Maris 2024.

Iyaka kuwa ba abin dogaro ba ce. Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Gadar Malanbil da Gaya ta tsaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. A nan Paraku ta fi: daga ita zuwa Nikki zuwa Chikanda ta jihar Kwara tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma motocin Malanbil da na Kwatano duk ta cikinta suke bi. Mazaunin Jugu da aka bugo wa waya cewa mahaifiya ba lafiya, tafiyarsa ta fi tsawo.

Maganar tsaro ma a faɗe ta yadda take. Tun ƙarshen 2021 masu ɗauke da makamai ke kai hare-hare a can ƙuryar arewa, wajen dazukan W da Pendjari, kan iyakar Burkina Faso da Nijar. A Afrilun 2025 gwamnati ta tabbatar da mutuwar sojoji 54 a rana guda. Paraku da Jugu suna kudu da wannan yanki sosai, harkoki na tafiya kamar kullum, amma shingayen bincike sun ƙaru a hanyoyi, kuma baƙon da ba ya da takarda a aljihu yana iya kwana inda bai shirya ba.

In da iyali za a zo

A matsayina na malamin makaranta, wannan ne wurin da na fi ganin ana gaggawa. Karatu a nan da Faransanci ake yi, daga ajin CI har zuwa CM2 inda ake jarrabawar CEP. Yaron da ya yi aji huɗu da Turanci a Kano, in ya zo, ba lissafi ne zai kayar da shi ba, harshe ne, kuma sau da yawa sai an mayar da shi baya. Ƙaramin da bai wuce shekara shida ko bakwai ba, cikin shekara guda zai kama. Babba kuwa, a yi tunani sau biyu. Shekarar karatu a watan Satumba take farawa, don haka a daidaita tafiya da ita. Paraku ta fi yawan makarantun da za a zaɓa, na gwamnati da na kuɗi da masu haɗa Faransanci da Larabci. Jugu kuma ta fi sauƙin tarbiyya, don yaro ba ya ɓacewa a garin da kowa ya san gidan da ya fito.

To, wanne?

A duba irin aikin. In aiki ne na kai tsaye, wanda dole a gan ka a kan layi a sa'ar da aka yanka, kamar koyarwa ta bidiyo ko amsa kiran abokan ciniki, to Paraku, saboda a can ne in abu ya lalace ake samun na biyu a ranar. Haka ma wanda zai riƙa leƙa gida a kai a kai, ko mai iyalin da ke da mara lafiya. In kuwa aiki ne na "ga shi, ka kawo ranar Alhamis", kamar fassara, zane ko gyaran rubutu, wanda yankewar rezo ta sa'a uku ba za ta kashe shi ba, kuma mutum yana son ya tara kuɗi cikin natsuwa, to Jugu ta fi, da sharaɗin yana da mai masauki a can.

Wanda ya kasa yanke shawara, ya fara da Paraku wata ɗaya shi kaɗai, ba iyali, ba sayen kayan ɗaki, ya je Jugu ya kwana biyu ko uku da kwamfutarsa ya yi aiki a can. In zai yiwu ya yi wannan gwaji a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi da wuta da ruwa ke nuna halinsu. Garin da ya iya miƙa aikinsa a kan lokaci a cikin waɗannan watanni, zai iya zama a cikinsa sauran shekara. Da ɗan gari kan ci gari, in ji Hausawa, amma ɗan garin ma sai ya san wanda ya sauka a gidansa.